Sarkin Yaƙin da Aka Kora Fako

Misalin mai hassada kamar misalin wani barde ne a wani gari na bakin iyaka, lokacin da Turawa suka shigo ƙasar nan. Shi da sarkin yaƙin garin tare suka tashi, wanzami ɗaya ya yi musu kaciya, rana ɗaya aka ɗora su kan doki. Amma duk sanda aka dawo daga korar mahara, kirarin sarkin yaƙi makaɗi yake fara yi a ƙofar gari. Shi barde sai muryar makaɗi ta dushe, mata sun koma gindin murhu, sannan a tuna da shi. Abin nan ya tsaya masa a rai. Shi ma fa ya sha mashi, ga tabo nan a cinya, to da me aka fi shi?

Da Turawa suka ce yaƙi ya ƙare, kowa ya rataye kwari da baka, sai barde ya lallaɓa barikin Bature, ya zube gaban tafinta. "Ranka ya daɗe, a gaya wa Bature sarkin yaƙin nan bai ajiye yaƙi a ransa ba. A kai shi fakon gabas, inda ko ƙaya ba ta tsirowa. A haɗa masa da tsofaffin dawakan yaƙin nan ma, tunda son su yake, ya ci da su mu gani!" Nufinsa dawaki su cinye ɗan abin hannun mutumin, ya dawo yana roƙo a idon jama'a. Haka kuwa aka yi, rawani ya koma kan barde. Ranar tafiya sarkin yaƙi ya tsaya a ƙofar gari ya ce, "Ɗan'uwa, ga amanar gari nan. Dawakan kuwa, na gode."

Fako dai ƙasa ce kamar dutse. To amma wanda ya saba gina ganuwa, haƙa rijiya ba ta ba shi tsoro. Ciyawa kuwa a ka yake ɗauko ta tun daga fadama. Kuma halin yaƙi bai sake shi ba: yadda da can ba ya barin sansani ya daɗe wuri ɗaya, haka ba ya barin turke wuri ɗaya, yau nan, gobe can, har kashin dawaki ya rufe fakon kaf. Damina na sauka gero ya tashi, ya fi mahayi tsawo. Fulani suka ga rijiya suka sauka da shanunsu. Tsofaffin dakarunsa suka dinga sulalewa gida-gida, kai, har makaɗin ya rataya gangarsa ya bi su. Aka bar barde a zaure da ƙaton rawani, ba mai zuwa gaisuwa sai ƙadangaru, gonakin gari kuma sun gaji, ba taki.

Shekarar da yunwa ta shigo, dole barde, da tsufansa, ya hau jaki ya nufi fakon neman iri. Ya tarar sarkin yaƙi ya daɗe da rasuwa, amma fakon ya zama gari, da sunansa ake kiransa, mata na daka suna rera kirarinsa. Jikar sarkin yaƙin ce ma ta cika wa barde buhu da gero.

"Baba, daga ina?"

Ya faɗa mata.

"Af, garin da suka ba mu dawaki! Allah ya saka wa wanda ya yi wannan dabara. Yaya ma sunansa?"

Barde ya ɗaure bakin buhu, ya ɗora wa jaki, ya kama hanya.

Shi ya sa Hausawa suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.