Wa Ke Watsa Ƙusa a Layinmu?

"A kore shi kawai, ranka ya daɗe," in ji Malam Gali. Ko kallon mai facin bai yi ba, don ƙyama.

A zauren Mai Unguwa ake, a Yakasai. Wata shida ke nan kekunan unguwar suna shan huda a layi ɗaya, layin da Baba Hammadu mai faci yake zama. Gali, da ke bin layin a kan kekensa zuwa rumfarsa ta gyaran takalma a Ƙofar Wambai kullum, ya fi kowa shan wahala, har ya gaji ya sayi tayar nan mai kauri da ƙusa ba ta hudawa. Shi ya huta. Maƙwabta ba su huta ba.

"Tsoho da furfurarka, kana watsa ƙusa a hanya don a kawo maka faci? Tir," in ji Gali.

Mai Unguwa ya ce, "Baba, in ba ka da ta cewa, gobe ka tashi daga wurin."

Baba Hammadu ya zazzage gwangwanin madara a kan tabarma. Duk abin da ya ciro daga tayoyin mutane ne: ƙananan ƙusoshi baƙaƙe, irin na kafa dunduniyar takalmi.

"A shigo da keken Malam Gali," ya ce.

Aka shigo da shi. Baba ya girgiza akwatin kayan aikin da ke ɗaure a baya. Ƙusoshi uku suka faɗo ta tsagar katako.

"Tayar taka tana da kyau, Malam. Amma da akwati ka sake, da ya fi araha."