Kwanuka Bakwai na Zuwera

Ka taɓa fitowa daga ƙarƙashin teku da yunwar da ke sa mutum lasar gishirin leɓensa, sannan aka miƙo maka takardar farashin abinci, nan take ka ji ka ƙoshi? Abin da ya sami Zaituna Dikko ke nan ranar da ta fara nutso a Doha.

Shekara biyu ta yi tana tanadin wannan hutu. Ta karanci halittun ruwa a jami'a ba tare da ta taɓa ganin teku ba, ta kuma rantse ba za ta koma Zariya ba sai da takardar shaidar nutso a hannunta. Kwana huɗu ake bukata. In ta ci abinci a gidajen da ke jere a titin Corniche na bakin teku, kuɗin rana ta huɗu ya tafi. In ta ƙi ci, malamin nutso ba ya barin mai jiri ta shiga ruwa.

Hancinta ne ya cece ta. Jirgi ya dawo da su da azahar, sai ƙamshin wake da shinkafa ya ja ta zuwa bayan rumbun da ake ajiye tulunan iska. Wata 'yar inuwa ce, babu allo, babu farashi. Wata mata tana jera kwanuka bakwai a kan benci, kowanne da suna manne a murfinsa, ga ma'aikatan jirgin suna wanke hannu.

"Salamu alaikum. Akwai saura?" in ji Zaituna.

Matar, Zuwera, mutuniyar Zangon Kumasi, ta dubi mazan. Mumin, mai ɗaukar wa Zaituna tulu, ya tura kwanonsa gaba. "Yalla, maza ba ta wannan. Ni na ƙoshi."

Wake da shinkafa, ƙwai, taliya, da baƙin yajin nan na Gana mai sa ido hawaye! Zaituna ta ci har tana lumshe ido. Da ta tambayi kuɗi, Zuwera ta yi dariya kawai. Wato ciniki irin na gida, a ba da abin da ya sauƙaƙa. Ta cusa riyal biyar ƙarƙashin kwanon ta tafi tana rangaji. Har suna ake rubuta wa abokan ciniki na kullum! Wane babban otal ne ya kai wannan karamci?

Washegari ta tarar da riyal biyar a aljihun jakar nutsonta. "Doha garin albarka," ta ce, "har jaka haihuwa take yi."

Ranar ta ga kunkurun ruwa ido da ido, ta kusa haɗiye teku don murna. Da azahar kwanon Rashad ne ya zo gabanta, domin cikinsa ba ya masa daɗi. Rana ta uku na Zulkiflu direba, ɗan Gusau, wanda ya ce ya riga ya ci a hanya. Tana ci tana zuba huɗuba, cokali a sama.

"Zalunci ne tsagwaronsa! Kofin shayi a Corniche ya fi kwano uku a nan tsada. Bayin Allah da ke ɗaukar mana kaya cikin wannan rana, da me ake so su ci?"

Mazan suka kwashe da dariya har Rashad ya riƙe ciki. Zulkiflu ya ɗaga kofin ruwansa na uku. "Wallahi Hajiya, kin faɗi gaskiya."

"Ci dai, ƙanwata, kada ya huce," in ji Zuwera, ba ta yi dariya ba.

Rana ta huɗu malamin nutso ya miƙa mata takardarta tun suna cikin jirgi. Zaituna ta sumbace ta, ta ɗaga ta sama, ta yi guɗa har tsuntsayen teku suka watse. Irin wannan farin ciki ba a cin sa a ɓoye. Ta juya ga abokan nutsonta shida, waɗanda suka kwana uku suna kukan tsadar gari.

"Ku biyo ni! Yau za ku ci abincin da ya fi kowanne arha a Doha."

Ta shige gaba kamar mai jagorar 'yan kai amarya, gashin baƙin nata na ɗigar da ruwa, kowa da wayarsa a shirye don hoto. Da suka isa inuwar ta ƙirga kwanuka ta tafa hannu. "Bakwai, mu ma bakwai. Daidai wa daida!"

Mazan sun riga sun wanke hannu. Suka dubi baƙin, suka dubi juna. Mumin ne ya fara miƙewa.

"Ni na ƙoshi."

"Cikina," in ji Rashad, yana sosa ƙeya.

"Na ci a..." Zulkiflu bai ƙarasa ba, domin Zuwera ta buga ludayi a kan benci har murafe suka yi ƙara.

"Ya isa! Ku zauna, dukanku!"

Ta tsaya tsakanin baƙin da kwanukan, ta ciro riyal biyar ɗin jiya daga bakin zaninta, wadda ba ta samu damar sakawa a jaka ba, ta danƙa wa Zaituna a tafi. Sannan ta sassauta murya.

"Ƙanwata, baƙo ɗaya ba a kora, amma bakwai sun fi ƙarfinmu. Don Allah ku juya ku bar musu kwanukansu: nan ba gidan abinci ba ne, abincin ranar masu ɗaukar tulunanku ne, kuma kwana uku ke nan duk wanda sunansa ya zo gabanki shi ke wuni da yunwa."