Wurin da Zuwaira Ta Kama

"Ya ƙi buɗewa," in ji Ukasha, ya sake danna fayil ɗin.

Shagonsu na ɗaukar bidiyon biki yana da rassa a Bebeji, Kiru da Tudun Wada, kuma kwamfutocin duka rumbun ajiya ɗaya suke amfani da shi. A ciki ya tsinci wannan ƙaton fayil. Matarsa Zuwaira ce ta ajiye shi ana gobe hatsarin hanyar Doguwa zai yi ajalinta. Ya sa a ransa bidiyonta ne na ƙarshe.

Tun bayan sadakar arba'in yake fama da shi. Ya zargi waya, ya zargi wuta, daga baya ya gano matsalar. Manhajar kwamfutar Kiru ta tsufa. In aka ce ta keɓe wa bidiyo wuri tun kafin a ɗauka, ba ta iya ba, sai ta cika wurin da sifili. Girma ne kawai, ciki babu komai.

Ya kifa kai a tebur. "Ko muryarta babu, Yaya Khadija."

Khadija, yayar Zuwaira, ita ke riƙe da reshen Kiru. Ta matso kusa da shi.

"Ka san ƙa'idarta," ta ce. "Ba ta kama wuri sai biki ya tabbata."

"Bikin wa? Ba wanda ya yi mana magana."

Ta share ido da gefen mayafi. "Suna ne, Ukasha. Na gidanka. Ta ce sai ta dawo daga Doguwa za ta yi maka albishir."