Turaren Firiza

"Mama, me ya sa kike ɓoye wa Baba turarenki a firiza?" in ji 'yata.

Surukata ta dire kofin shayi, ta zuba min ido.

Na ce, "Na ƙwari ne, uwar surutu. Shi muke ratayawa cikin tarko a gandun katakon Tumut, nan Ostareliya. Ƙwarin da ke huda ɓawon itace su ji ƙamshin 'yan'uwansu, su taho biki, su faɗa gwangwani."

'Yar tawa ta yi tsalle. "Ai na ɗaura wa bishiyata ƙulli ɗaya, don kada su cinye ta!"

Bishiyar da muka dasa ranar haihuwarta! Ga zafin Disamba irin na ƙasar nan, ƙwari na tashi, ga turare ba tarko. Na kwasa da gudu ba takalmi, surukata na biye. Mun tarar da na farko sun sauka, ba su fara huda ba. Na tsinke ƙullin, surukata kuwa ta bi su da silifa tana haki.

"Ni har na fara tausayin ɗana!" in ji ta.

Mai karatu, turaren nan gayyata ce. Kafa tarkonka nesa da bishiyar da kake ƙauna, sannan ka kulle firiza.