Ragon Jarrabawar Kyaftin Nu'uman

Ragon ne ke jan Kyaftin Nu'uman, ba shi ke jan ragon ba. Haka suka ratsa Bromakoté, wata unguwa a yankin Adjamé cikin birnin Abidjan, shi cikin tsohuwar riga da rawanin aro, tumbi a gaba, gumi na bin ƙeya. Ɗan dillalin shanu ne, jikan dillalin shanu, amma zaman kujerar ofis ya mantar da hannunsa yadda ake riƙe igiya. Ya ce a ransa, da marigayi mahaifinsa zai leƙo ya gan shi yau, da ya rantse an yi masa musayar jariri a asibiti.

Kuma babu wanda ya aike shi. Kwamitin da ke tsara jarrabawar ƙarin girma ga 'yan sanda ya saba da tambaya da amsa a takarda, kowa ya haddace, kowa ya ci. Shi ne ya miƙe a taro ya ce takarda ba ta nuna hali. A bar shi ya ɓad da kama, ya je wa ɗan sanda da rago ya ce tsintarsa ya yi, a ga abin da zai biyo baya. Mai amana zai kai dabbar ofis a nemi mai ita, maras amana kuwa bakinsa zai tona shi.

Shugabar kwamitin, wata komisar, wato babbar jami'ar 'yan sanda, mai gilashi da ba a cika ganin haƙoranta ba, ta ba shi zuwa Juma'a. Ko ya nuna mata ɗan sanda guda da dabarar ta zaƙulo, ko a watsar da dabarar, shi kuma ya koma ɗakin tsofaffin fayil inda aka ɗauko shi. Nu'uman yana tsoron ɗakin nan fiye da yadda yake tsoron likita.

Ragon na surukinsa ne, Alhaji Haladu, mai sana'ar nama a kusa da babban masallacin unguwar Treichville. Shi ya ware don layyar gidansa, ga Tabaski, wato Babbar Sallah, ta matso. Da Alhaji ya miƙa igiyar, sai da aka ɗan ja kafin ya sake ta.

A Treichville ya fara gwajin, amma abin bai yi daɗi ba. Ɗan sandan farko ya ce shi na motoci ne, ba na dabbobi ba. Wani ya zagaya ragon ya tambayi nawa za a bar masa. Wanda ya fi ƙona masa rai shi ne wanda ya hango shi tun daga nesa, ya ƙame ya sara, ya ce, "Mon kapiten, rawanin ya yi maka kyau!" Nu'uman ya yi wa kansa dariyar takaici. Mutumin da zai auna idon 'yan sanda, ga shi ko kansa ya kasa ɓoyewa. Shi ya sa ya tsallako Adjamé, inda ba a san fuskarsa ba.

A bayan tashar gbaka, ƙananan motocin haya na garin, ya hango shi, wani sarjan tsaye shi kaɗai a inuwar wata rumfa, nesa da hayaniyar 'yan uwansa. Kakinsa ya sha guga, ya zauna masa kamar a jikinsa aka yanka, babu maɓalli ko ɗaya da ya ɓalle. A ƙirji an rubuta Awwalu.

Nu'uman ya karya murya irin ta tsofaffi ya zayyana labarinsa. Sarjan ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba.

"Baba, Allah ya yi maka albarka," in ji shi da Hausa tsantsa. "Irinku sun yi ƙaranci a Abidjan."

Ya buɗe bakin ragon ya duba haƙora, ya shafa gadon baya, ya ce saboda bayanin kama ne idan mai shi ya zo. Motar sintiri ta wuce, bai ma ɗaga kai ba, ya duƙa yana duba kofato. Nu'uman ya ji daɗin wannan, mutum ne da ba ya aiki don a gani.

Sai ya jefa tarkonsa na ƙarshe. Ya murɗa takardar kuɗi ya tura masa, wai na goro.

"Haba, Baba! Mayar aljihunka. Aikina nake yi."

Ya ce zai raka shi ofis, sarjan ya hana, ya ce rana ta take, dattijo kamarsa ya huta. Har ruwan sanyi ya saya masa. Da ya karɓi igiyar, ragon da ya wahalar da kyaftin tun safe ya bi shi salin-alin. Nu'uman ya tsaya yana kallonsu har suka shige cikin jama'a, idonsa ya ciko. Shekara da shekaru yana cewa akwai na kirki a cikin kaki, ana yi masa kallon mai mafarki.

Ranar Juma'a ya sa kakinsa, ya jagoranci kwamitin gaba ɗaya zuwa ofishin 'yan sandan unguwar. Har Alhaji Haladu ya gayyato, ya karɓi ragonsa a gaban shaidu. A mota ya bayyana wa komisar cewa Sarjan Awwalu ne na ɗaya, kuma idan son samu ne a tsallakar da shi mataki biyu.

Da suka isa, ya doki kantar ofishin ya ce a fito da rago, a kira masa Sarjan Awwalu.

Ɗan sandan da ke bakin kanta ya dubi komisar, ya dubi Alhaji, sannan ya sauke murya.

"Mon kapiten, ba mu da sarjan mai wannan suna. Amma mu ma nemansa muke yi. Tela ne, duk shekara gab da Tabaski yake ɗinka wa kansa kaki ya fito karɓar raguna."