Famfo a Tafin Hannu

Tun da aka shafe bangwayen garinmu da sabon farin fentin nan mai shanye duk abin da aka zana kafin azahar, muka ɗauka sana'ar Inna Tabawa ta mutu. Shekara talatin tana zana busasshen famfon unguwarmu a bango, sau uku ana kulle ta a kai.

Ana gobe Ciyaman zai kawo ziyara, na shiga aron rariya na tarar da gidanta cike da mata, ana ta shewa. Tana zaune da kwanon lalle.

"Inna, biki ake yi?"

"Miƙo hannu, 'yar nan, ki bar surutu."

Washegari Ciyaman ya ɗaga mana hannu, mu ɗari uku muka ɗaga namu. A kowane tafi ga famfo jawur, ko ɗigo babu. Murmushinsa ya maƙale.

Da la'asar ma'aikata suka bi gida-gida suna raba sabulu kyauta, fari fat, mai warin fentin bangon nan.

Inna ta shinshina, ta tuntsire da dariya.

"Ku ce masa mun gode. Amma da wane ruwan za mu wanke?"