Ta Tura Wa Kowa, Ita Ba Ta Kalla Ba

Keziya ba ta san zama ba. Ita ce wakiliyar ajinsu a shekarar ƙarshe ta jami'a a Samaru, kullum waya a hannu, ƙafa a hanya, daga ofishin sashe zuwa coci wajen koyon waƙa. Kundin kammala digirinta kuwa ya cije a babi na ɗaya, ya ƙi gaba ya ƙi baya.

A shekarar ne laburaren jami'ar ya gaji da jiran ɗalibai, ya biyo su cikin waya. Ma'aikatansa suka riƙa yin gajerun bidiyo suna aika wa wakilan aji su watsa a guruf ɗin ajinsu na waya. Keziya ba ta taɓa makara ba. Bidiyo na shigowa za ta tura, har ta ƙara da cewa, "Kowa ya kalla, yana da muhimmanci!" Ita kam ko buɗewa ba ta yi. A ganinta ɗan aike ai ya fi kowa sanin saƙo.

Da ranar miƙa kundi ta matso, hankalinta ya tashi. Ta hau keke napep sai Sabon Gari, shagon Iyke mai buga takardu a wajen PZ.

"Sista, kwantar da hankalinki," in ji Iyke. "Akwai tsohon aiki irin naki a kwamfutata. Mu canja suna da shekara, shi ke nan. Wa zai sani?"

Zuciyarta ta ɗan yi ɗar, amma ta karɓa.

Tana dawowa ta ci karo da ƙawarta Chinelo a bakin get. "Ke Keziya, kin kai kundinki laburare an duba kuwa? Kin dai ga bidiyon nan..."

"Ni za ki gaya wa? Ba ni na turo muku ba?" Ta wuce abinta, ba ta ko tsaya jin ƙarshen maganar ba.

Bayan ta miƙa kundin, shugaban sashe, Dakta Albert, ya sa aka kira ta. Ya juyo mata fuskar kwamfuta, shafi bayan shafi duk an yi musu jan fenti.

"Laburare na da manhajar da ke gano aikin da aka kwafa," ya ce. "Sun sanar a bidiyo cewa kowa ya kai nasa a duba kyauta, ya gyara kafin ya miƙa. Bayan miƙawa kuma sai gaban kwamiti. 'Yan ajinku duk sun je. Ke me ya hana ki?"

Aka tura maganar gaba. Kwamiti ya soke aikin, ya dakatar da ita shekara guda.

Tana fitowa daga gaban kwamitin, sai ga kiran babanta, Malam Toma, murya cike da murna.

"'Yata, na sanar da fasto za mu yi addu'ar godiya ranar da kika gama. Yaushe za mu zo?"

Keziya ta tsuguna a gefen hanya, kuka ya ci ƙarfinta.

Jama'a, tura saƙo ba shi ne sani ba. Abin da ya isa ka ce wa wasu su kalla, ka tsaya ka kalle shi tukuna. Aikin wani kuma ba ya zama naka don ka sa masa sunanka.